Tsayuwa a Ƙofar Mai Kitso

"Na gama magana, Auta. Mutumin nan kada ya sake tako mana ƙofar gida."

Yaya ne yake faɗa, yana tsaye a tsakiyar falo yana kaɗa makullin mota. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan, kuma in ya ce ya gama magana, ko Inna sai ta yi da gaske kafin ta sake buɗe ta.

Auta na durƙushe kusa da kujerar Inna, awon ɗinki rataye a wuyanta, don daga kan keke aka kira ta.

"Yaya, don Allah me ya yi?"

"Au, tambaya ma kike yi?" Gwaggo ta cafe zancen. Ƙanwar Baba ce, gidanta na can gindin titi, kuma Allah ya hore mata taga mai kyau da ido mai kaifi. "Da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba. Kullum in zai zo wurinki sai ya ci birki a ƙofar Mai Kitso. In zai koma, nan ma sai ya tsaya. Namiji mai sanƙo, me ya haɗa shi da shagon kitso in ba mai shagon ba?"

"Gwaggo, wataƙila..."

"Wataƙilar me? Ke dai yaudarar ki ake yi. Yana zuwa miki da murmushi, ashe ragowar na wata ne."

Yaya ya ce abokinsa Mai Gidan Mai ya sake yi masa maganar neman auren Auta, kuma shi kam ba zai ci gaba da ba mutumin kirki haƙuri saboda wani mai gyaran agogo da ya haura arba'in bai san ciwon kansa ba. Ƙarshen mako zai ba shi amsa.

Auta ta ɗaga ido ta dubi Inna. Inna ta kau da kai. Shi ke nan, hawaye suka ɓalle.

Abin da ya fi ci mata rai, Gwaggo ba ƙarya ta yi ba.

Ɗakin ɗinkinta a sama yake, tagarsa na kallon titin tun daga gindinsa har ƙofar gida. Titi ne mai ɗan hawa, shaguna dama da hagu. Da yamma ta yi, takan janye keke zuwa bakin taga, wai haske take nema, alhali kowa a gidan ya san irin hasken. Daga nesa take gane shi: farar riga, 'yar jakar kayan aiki a kafaɗa, tafiyar mutumin da bai iya gaggawa ba. Kuma sau nawa ta ga ya tsaya a ƙofar Mai Kitso? Ya dafa ƙarfen rumfa, ya juya wa titi baya, ya daɗe yana kallon cikin shagon. Ta sha tambayarsa, sai ya yi dariya ya ce, "Iska na tsaya sha, ranki ya daɗe."

Yanzu an hana shi zuwa, amma ba a hana ta taga ba. Yamma na yi za ta zauna, ƙafa a kan keke, ido a titi. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Ya kira ta a waya ta ƙi ɗauka, wayar na yin shiru kuma ta rungume ta tana kuka. Tana jin haushinsa kamar ta shaƙe shi, tana kewarsa kamar ta mutu. Kewar yadda yake sauraron magana da kai a karkace, kamar yana sauraron agogo. Kewar yadda yake ce mata ranki ya daɗe, shi da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Kai, so bai yi wa Auta adalci ba. Ta kusa talatin tana korar samari kamar ƙudaje, sai ga shi ta zo ta maƙale wa mai sanƙo.

Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta ce za ta kitso. Kitson da ke kanta ko tsufa bai yi ba. So take ta ga matar da ido, ta ga me ta fi ta.

Mai Kitso mace ce gajera mai fara'a, bakinta ba ya hutawa. Ta zaunar da Auta a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsefe kai tana zuba labarin duniya. Auta ta yi ta haɗiye tambayarta har aka kitse rabin kai, sannan ta kasa.

"Wai ni kam, wani mutum da ke tsayuwa a ƙofarki da yamma, ɗan'uwanki ne?"

"Mai farar riga? Mai sanƙon nan?" Mai Kitso ta tuntsire da dariya har tsinke ya faɗi daga hannunta. "Ɗan'uwana a ina! Wallahi ko sallama bai taɓa yi mini ba. Yana zuwa zai dafa ƙarfen can, ya ƙura wa hotunan kitson da na manna a bango ido, kamar mai zaɓen wanda za a yi masa. Ni da yarana har suna muka sa masa, Kwastoma. Ran nan na ce, Malam, a kawo kujera? Ya ce a'a, ya gode, ga gumi na zuba a goshinsa kamar wanda ya yi dako."

Auta ta waigo.

"Gumi?"

"Gumi sosai. Lah, kin ga ɗan halak, ga shi nan tafe."

Auta ta leƙa ta gefen labule. Shi ne. An hana shi gidan, amma ashe bai daina hawo titin ba. Tun da take ba ta taɓa ganin tsayuwar nan daga gaba ba, kullum bayansa take hangowa daga sama. Yau ga fuskarsa. Ya cije leɓe, ya runtse ido, ya kama ƙarfen rumfa da hannu biyu. Ya waiga dama da hagu, da ya ga ba mai kallonsa sai ya sunkuya da sauri ya matse sharaɓar ƙafarsa ta hagu. Wani ya gifta, ya yi maza ya miƙe, ya koma kallon hotuna.

Ba ta san lokacin da ta fizge kanta daga hannun Mai Kitso ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin kitso da rabin tsifa, ta fito.

"Wanne ka zaɓa a ciki?"

Ya juyo a firgice. "Auta!"

"Zauna."

"Ai iska na..."

"Wallahi in ka sake ce mini iska, ba za ka ƙara ganina ba. Zauna!"

Ya zauna a kan bencin da ke gefen shagon. Ita kuma ta tsaya a kansa.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "An kwana biyu. Da farko sai na yi nisa take kama ni. Yanzu daga shagona zuwa nan, shi ne iyakata. Ina isowa daidai wurin nan sai sharaɓar ta ɗaure, kamar an sa filaya an matse. In na tsaya kaɗan sai ta sake ni, in ƙarasa. In na sauko ma daga gidanku, nan ɗin dai take tsayar da ni. Ban zaɓi ƙofar baiwar Allahn nan ba, Auta. Ƙafata ce ta zaɓa."

"Ka san me ake faɗa a kanka?"

"Yayanki ya same ni har shago."

"Me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba."

"Ba ka ce komai ba!" Muryarta ta karye. "Ka bari aka kira ka maci amana. Ka bar ni ina kwana ina tashi da baƙin cikin wata mace, ina zaginka a raina, ina kuka kamar marainiya, don kawai kada ka ce ƙafa na ciwo? Wannan wane irin girman kai ne?"

"Ba girman kai ba ne. Tsoro ne." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ke da bakinki kika ba ni labarin Baba. Kin ce da ƙafa ya fara. Kin ce sai da aka yanke ta, Inna ta yi shekaru tana ɗaga shi tana kwantarwa. In na shiga gidanku na ce ƙafata na ciwo, wa zai ba ni ke? Na ga in an ce ina neman wata, wannan ƙarya ce, wata rana za ta wanke kanta. Amma ciwon nan gaskiya ne."

Auta ta zube a ɗaya gefen bencin, ta rufe fuska da mayafi. Motoci na wucewa, yaran Mai Kitso na leƙe, ita ko a jikinta.

"Kuma da aka hana ka zuwa, me kake hawowa yi?"

"Daga kwanar can ana hango tagarki."

Nan kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Sai da ta yi mai isarta ta share fuska.

"Me kake yi mata?"

"Ina gasa ta da ruwan zafi. Sanyi take yi, kamar ba a jikina take ba. Na shafa man zafi, na ɗaure da bandeji, duk a banza."

"Gobe da safe asibiti."

"Auta, in suka ce..."

"Ko me za su ce, a gabana za su ce shi."

Washegari ta ce da Inna za ta rakiyar mara lafiya asibiti, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Likitar mace ce dattijuwa, mai tabarau a kan hanci. Ta saurari labarin, kafin ya kai ƙarshe ta ce ya cire takalma da safa ya hau gado. Auta na tsaye daga bakin labule, kunya na ce mata ta fita, zuciya na ce mata ta tsaya. Ta tsaya.

Ƙafar hagun ta fi ta dama fari, fatar ƙwaurin na ƙyalli, gashin wurin ya kakkaɓe, farata sun yi kauri. Likita ta taɓa wannan ta taɓa waccan. Ta ɗora yatsu a bayan ƙafar, ta mayar gefen idon sawu, tana neman bugun jini. A dama ta samu nan da nan. A hagu ta daɗe tana lalube. Sannan ta sa aka auna jininsa a hannu, aka sake aunawa a idon sawu. Ta buɗe tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya tana dubawa.

"Malam, kana shan taba?"

Ya saci kallon Auta. "Na rage."

"Ba ragewa na tambaye ka ba."

"Ina sha."

Auta ta harare shi. Ashe alawar da kullum ke bakinsa ba son zaƙi ba ne.

"To ka saurare ni," in ji Likita. "Hanyoyin da ke kai jini ƙafarka sun tsuke. In kana zaune, ɗan abin da ke wucewa yana isar ta. Kana fara tafiya sai naman wurin ya nemi ƙari, bai samu ba, shi ne yake ɗaurewa. Ka tsaya, ya huta, ya sake ka. Shi ya sa kusan kullum a wuri ɗaya take kama ka."

"Za a yanke?" ya tambaya.

"Wa ya kai ka can? Ba ka da gyambo, yatsunka ba su canza launi ba, kuma ka ce ba ta ciwo in kana kwance. Ka zo da sauran dama. Amma ba zan yi maka daɗin baki ba, ciwon nan ba a kurɓe magani ya tafi. Lallaɓa shi ake yi, kuma in ka yi wasa zai kai ka inda kake tsoro. Taba daga yau ka yi bankwana da ita. Za mu gwada sukari da kitsen jini, a ɗauki hoton jijiyoyin, in ba ka magunguna, kuma ba wai ka sha yau ka bari gobe ba. Ruwan zafin nan ka daina, ƙafar da jini bai ishe ta ba tana ƙonewa mai ita bai ji ba, ƙunar kuma ta ƙi warkewa. Kada ka yi tafiya ba takalmi, kada ka sa mai matse yatsu. Kullum ka duba ta. Ka ga ƙurji, ko yatsa ya yi duhu, ko ta fara ciwo kana kwance, ranar ka zo, ba washegari ba."

"Sai ya daina yawan tafiya ke nan?" Auta ta tambaya.

"Ina! Tafiyar ai tana cikin maganin. Ya yi tafiya har ta fara ciwo, ya tsaya ta lafa, ya ci gaba. A hankali zai ga nisan na ƙaruwa." Ta dubi Auta ta saman tabarau. "Ke ce matarsa?"



"Ana kan magana," in ji Auta, kanta a ƙasa.

"To a gama da wuri. Irin waɗannan sai da mai sa ido."

A bakin asibiti ya ciro kwalin tabar daga jakarsa ya miƙa mata. Ta jefa a kwandon shara.

"Auta, kin ji dai abin da ta ce. Ba warkewa ake yi ba. In kin ga ki bi maganar Yayanki, wallahi ba zan riƙe ki a raina ba."

"Ka yi mini shiru, Kwastoma," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Ta koma gida da ƙarfin gwiwa. A ganinta an gama, tunda ga gaskiya ta fito. Yarinta ke nan, ko da an kusa talatin.

Ta tarar da su a falo su uku, ta durƙusa ta zayyana komai, tun daga hotunan kitso har maganar Likita. Gwaggo ta kama haɓa.

"Ikon Allah! To ni ina zan sani? Mutum ya tsaya a ƙofar mace kullum..." Sai ta shiga gyara ɗankwali.

Yaya kuwa dariya ya yi, irin wadda babu daɗi a cikinta.

"Wallahi da Mai Kitson ce da ya fi mini sauƙi. Wato ki bar lafiyayyen mutum, ki ɗauko mana jinya? A gidan nan? Kin manta abin da muka gani?"

"Ban manta ba, Yaya. Amma Likita ta ce ya zo da wuri."

"Haka aka ce mana a kan Baba."

"Ba haka aka ce ba."

Inna ce. Tun da aka fara ba ta yi magana ba. Duk suka juya.

"Babanku ɓoye mini ya yi. Ya yi ta ɗingishi yana cewa tuntuɓe ne, yana sa safa ko cikin zafi. Ranar da na ga yatsan, ya riga ya yi baƙi. Cewa suka yi mun makara." Ta numfasa. "Ke ƙarama ce, Auta, abin da kika gani kaɗan ne. Ni na wanke, ni na ɗaga, ni na juya shi. Bayana har yau bai koma daidai ba. Na ga namiji mai ƙarfi yana kuka yana roƙona gafara don ya ɓata shimfiɗa. Ranar da aka fitar da shi na roƙi Allah kada ya nuna wa 'ya'yana irin wannan. Yanzu ke da ƙafarki za ki je ki ɗauko? Ban haife ki don haka ba. Ban yarda ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Da Yaya ne, za ta iya jayayya har gobe. Amma Inna? Ta rarrafa ta ɗora kai a gwiwarta.

"Inna, ki yafe mini. Ban taɓa yi miki musu ba, yau ma ba zan yi ba. In kin ce in bar shi, zan bar shi, ko zai kashe ni. Abu ɗaya zan tambaye ki."

Ta ƙara ƙanƙame gwiwar Inna, ta ci gaba.

"Da tun ranar farko an gaya miki. An ce ga abin da zai samu Baba, ga wanki, ga ɗagawa, ga komai. Da kin fasa?"

"Ke Auta! Inna kike yi wa wannan tambaya?" Yaya ya daka mata tsawa.

Inna ta ɗaga masa hannu.  Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka ce da abokinka ya dakata."

"Inna!"

"Na ce ya dakata. Shi kuma wancan a ce ya zo gobe, ya zo mini da magungunan da aka ba shi. Ni zan duba ƙafar da idona. Na san mai rai, na san wadda ta tafi. Ban ce na ba shi ba, ku ji da kyau."

Yaya ya fice ya bugo ƙofa. Gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta bi bayansa.

Falon ya rage su biyu. Auta ba ta ɗaga kai ba, tana jin hannun Inna a kanta yana shafawa a hankali. Sai ta ji ɗigon ruwa mai ɗumi a bayan wuyanta.

"Da ban fasa ba," in ji Inna, murya can ƙasa. "Ko yau aka dawo mini da shi da ƙafa ɗayan, da gudu zan karɓa. Ai shi ya sa nake miki kuka, 'yar nan. Na san ba za ki fasa ba."